Masu yawon safe da hunturu a zo a ga littafina, fenti na bushewa ganye na marmashewa

Maman Nana Samaru: Salamu alaikum 'yan gida, ya sanyi ya ƙura. Wai ni kaɗai ce hunturun bana ya mayar 'yar tsince-tsince ko akwai irina a nan? Tun farkon Disamba na tsiri wata al'ada, in gari ya ɗan waye sai in zura rigar sanyi in bi ta bayan unguwarmu har wajen gonakin da aka girbe, ba nisa, minti 40 zuwa da dawowa, duk abin da ya ɗau idona sai in jefa a leda, busasshen ganye ne, gashin zabo ne, ɓawon kalgo ne, har jar ƙasa na taɓa ƙullowa a gefen mayafi. In na dawo yara sun tafi makaranta sai in buɗe wani littafi da na ɗinka da kaina da kwalin taliya da takardar zane, in liƙa wani in zana wani in shafa kala, sannan in sa kwanan wata da layi biyu uku na abin da na gani. Yanzu ina shafi na 23. Matsalata biyu, fentin ruwa kafin in kai burushi ƙarshen takarda ya bushe ya bar min layi-layi kamar faso, na biyu ganyen da na liƙa bayan kwana uku sai ya marmashe. Masu ilimin abin a taimaka dan Allah

Abba Fenta: Wa alaikissalam Hajiya. Ba hannunki ba ne, iskar ce, a watannin nan da rana danshin iska a Kano da Zariya yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ko wanki kika shanya kin ga yadda yake. Ki fara jiƙa takardar duka da soso kafin ki sa kala, sannan ki ɗiga zuma ɗigo ɗaya ko biyu a ruwan da kike dama fentin, zuma tana riƙe laima. Kar ki cika ta fa, in ta yi yawa shafin zai yi danƙo kuma tururuwa za su zo miki ziyara. In da hali ki nemi takarda mai kauri giram 300, wadda ake zanen makaranta da ita ba ta ɗaukar ruwa. Shi kuma ganye kuskuren shi ne kina ɗauko wanda ya riga ya bushe a ƙasa ya nannaɗe, ki tsinko da ɗan sauran ransa ki sa tsakanin jarida ki ɗora masa abu mai nauyi kamar sati biyu, sai ki sirka farin gam ɗin kafinta da ruwa ki shafa ƙasa ki shafa sama

Maman Nana Samaru: Allah ya saka da alheri Malam Abba, ashe zumar shayin maigida ta shiga uku

Sadiya Lids: Wayyo Anti ni kuma kishiyar matsalarki nake fama da ita hhh. Nan Ingila shafi sai ya kwana bai bushe ba sai na ɗora shi kan hita, komai a jiƙe yake. Ga rana ba ta daɗewa, yanzu haka ana sallar magariba kafin ƙarfe 4, gari ba ya wayewa sai bayan 8, wlh shekarar da na zo na ɗauka ciwo ne ya kama ni don kullum a kwance nake ba na son magana da kowa. Wata abokiyar karatuna ce ta ja ni Roundhay Park ranar wata Lahadi da ɗan littafi a aljihu, tun daga nan duk sati sai na je ko ana yayyafi. Abin da na gano shi ne in ganye ya zube a lokacin ne kake ganin bishiya da gaske, yadda kowane reshe ya fita, kamar dai kuka a gida da rani. Ni har tikitin bas da takardar shayi nake liƙawa

Ɗan Baffa: Ku yi haƙuri fa amma ni gani nake wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Ita Sadiya na yi mata uzuri tana ƙasar da in ba ta yi haka ba kaɗaici zai kashe ta, amma ke Hajiya da kike Samaru ga maƙwabta ga biki ga suna, me ya kai ki tsintar gashin zabo da muku-mukun nan? Duk abin da muka gani a Instagram sai mun kwaikwaya

Maman Nana Samaru: Ɗan Baffa ai ba kai ka fara ba. Satin da ya wuce ina tsugune ina kankarar jar ƙasa da cokali wani dattijo ya tsaya da kekensa ya daɗe yana kallona, can ya ce 'yar nan in na kishiya ne ki ji tsoron Allah, in kuma na basir ne ba wannan ake haɗawa ba. Sai da na buɗe masa littafin, ya duba ya duba ya ce to wannan ganyen da kika rubuta marke ba marke ba ne, taramniya ce. Ka ga na fita neman kala na dawo da karatu. Kuma maganar ƙoshi, almakashi da gam ne kawai na saya da kuɗina sai ɗan akwatin fenti na yara

Ɗan Baffa: Hhhhh Baba ya yi gaskiya, ni ma da na gan ki haka zan zata

Malam Sani Alaramma: Ɗan Baffa ina da ja a kan maganar kwaikwayo. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san mu da kanmu muke haɗa tawada, gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, alƙalami mu fere shi daga kara, ba wanda ya je kanti. In ɗalibi zai yi sauka a yi masa zayyana a allo da ja da ɗorawa da kore, wani har da ƙyalli a liƙa. Ga tawadar yambar da ake rubutu da ita a takarda wadda ba ta wankuwa kamar ta allo. To haɗa kaya iri-iri a fuska ɗaya don ƙawa ba baƙonmu ba ne, abin da Hajiya ta ƙara kawai shi ne ta sa kwanan wata ta mai da shi kundin kwanakinta. Hajiya in kina son baƙi mai kyau ki nemi bagaruwa, yanzu ne ma lokacinta, ki daka ki jiƙa kwana biyu uku ki tace, sai ki jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki, za ki ga ruwan ya juya. Dukawa ma da ƙarfe suke samun baƙin kuloko da suke wa fata ado

Sadiya Lids: Malam tsaya tsaya!! Wannan ai shi ne abin da aka koya mana a wani aji da na je nan, sai dai su ba bagaruwa suke sawa ba, akwai wata bishiya da suke ce wa ok, wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro yana yin ƙwai a jikinta sai wajen ya kumbura ya yi ƙulli kamar ɗan kanya, in ƙwaron ya fita ya bar 'yar ɓula. Da sanyi ake ganinsu sosai don ba ganye. Shi ake dakawa a haɗa da ƙarfe da ƙaro, da irin wannan tawadar Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu, har takardar Magna Carta, wata tsohuwar yarjejeniyar sarkin Ingila ta 1215. Na biya kuɗi na zauna awa uku ashe abin yana bayan gidanmu a Gwammaja

Abba Fenta: Sinadari ɗaya ne a cikinsu, wanda majema ke nema a bagaruwa su jeme fata, in ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Amma gargaɗi, in ƙarfen ya yi yawa tawadar tana cin takarda a hankali, shi ya sa za ka ga tsofaffin rubuce-rubuce harafin ya huje. Kuma kar ki tsoma burushinki mai kyau a ciki, ki yi da alƙalamin kara

Hauwa Winifeg: Ina ta karantawa ina dariya, wata fentinta na bushewa wata nata ya ƙi bushewa, ni nawa ƙanƙara yake zama. Nan Kanada a Janairu sanyi yana kai 25 har 30 ƙasa da sifili, kogin da ya ratsa garin daskarewa yake mutane su yi ta tafiya a kansa kamar titi. Ran da na fara gwada zane a waje ina shafa shuɗi sai na ji burushin ya yi tauri kamar tsinke, biro ya ƙi rubutu, waya ta mutu, yatsuna kuwa kamar ba nawa ba. Amma da na koma gida na buɗe sai ga wani ikon Allah, inda ruwan ya daskare a kan takardar ya bar zane kamar gashin tsuntsu jere-jere, ba mai iya yinsa da hannu. Yanzu da gangan nake yi, in jiƙa shafi a cikin mota in miƙa shi waje minti biyu in dawo da shi. Masu zanen nan wasu giya suke zubawa a ruwan wai don kar ya daskare, ni dai ban yi ba

Ɗan Baffa: To fa, an zo wajen. Daga tsintar ganye an kai ga kwalba

Hauwa Winifeg: Kai Ɗan Baffa ka karanta da kyau mana na ce BAN yi ba

Malam Sani Alaramma: Kin kyauta da kika bari ƙanwata, sayen kwalbar giya a ajiye a gida ko da don fenti ne ba na ba da shawararsa. In dole ne akwai sifirit na kemis da ake goge ciwo da shi, ba abin sha ba ne, malamai da yawa na wannan zamani sun sauƙaƙa a kansa kamar yadda suka yi a turare. Amma tunda ƙanƙarar ma ado take miki me za ki hana ta

Hauwa Winifeg: Haka ne Malam, fensir ma ya ishe ni a waje, shi ba ruwansa da sanyi

Bukar Nguru: Ni ban iya zane ba amma in maganar yawon hunturu ce ku zo Nguru ku ga abin da ake cewa yawo. Tsuntsayen da sanyin su Sadiya ya koro ai wajenmu suke sauka, suna ƙetaro teku da Sahara su iso daga wajen Oktoba su zauna a fadamun Haɗeja da Nguru sai Maris ko Afrilu su juya. In ka je tafkin Dagona can wajen Gashuwa da sassafe hazo na kwance a kan ruwa ga agwagin Turai ga namu na gida su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe duk a haɗe, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar iska ta taso. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Abin da ke damunmu kacala ce, ciyawar nan ta cinye hanyoyin ruwa masunta da manoma na kuka, in kuna son abin liƙawa ku zo ku kwashe ta duka kyauta

Sadiya Lids: Allah sarki, wato tsuntsu ya fi ni dabara, shi ya san ya gudu gida

Ummu Khalil: Ni tambayata ɗaya kafin a yi nisa, in an je an ga tsuntsayen zana su za a yi? Don mun san hukuncin zanen mai rai, kar garin nishaɗi a ɗebo zunubi

Maman Nana Samaru: Gsky ni ma abin ya taɓa tsaya min, shi ya sa a littafina babu tsuntsu ko ɗaya, sawunsa nake zanawa a ƙura, ko in liƙa gashinsa, ko sheƙar da iska ta yar. Akwai shafin da na yi na belbela, farin gashi guda uku kawai da sawun shanu na rubuta adadin da na ƙirga, duk wanda ya gani ya san belbela ce

Malam Sani Alaramma: Bishiya da dutse da ruwa ba saɓani a kansu, Ibn Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane in dole ne ya zana itatuwa da abin da ba rai, yana cikin Bukhari da Muslim. Mai rai kuma a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne mai inuwa, wato mutum-mutumi cikakke, na kan takarda an sa shi a karhanci ne, in kuma bai cika ba kamar a bar kai to da sauƙi. Wasu malaman sun tsananta sun hana duka

Ummu Khalil: Malam ni dai na karanta hadisan sun zo a game ba su ware na takarda ba, kuma barin shubuha ya fi

Malam Sani Alaramma: Ban ce ki yi ba Malama, na faɗi inda kowa ya tsaya ne. Wanda ya bari ya yi kyau, amma kar a kafirta ɗalibar da ta zana zalɓe a littafinta

Ummu Khalil: Ai ban kafirta kowa ba

Abba Fenta: Dan Allah a bar ta a nan, mu da muka yi karatun zane mun sha wannan muhawarar har mun gaji kuma ba a taɓa tashi da matsaya ɗaya ba. Abin da na fi so a kula da shi ma wanda ba a faɗa ba, masu yanka jarida da kalanda suna liƙawa a duba kar a yanko aya ko sunan Allah a shafe da fenti ko a zubar da ragowar a shara

Ummu Khalil: Wannan kam mun haɗu

Issufu Damagaram: Sallama daga Zinder. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma ina sa yarana suna irin wannan a kaye, littafinsu na rubutu, amma mu itace guda muke bi shekara duka, gawo. Ku da kuke cewa da sanyi itace ke zubar da ganye ku dubi gawo, shi da damina yake tsirara, sai ruwa ya ɗauke kowa ya bushe sannan ya yi kore shar, shi ya sa manomi ke son shi cikin gona, ba ya tare wa hatsi rana kuma ƙarƙashinsa ya fi yabanya. Daga Mirya zuwa Matamai zuwa Magarya yanzu in ka bi hanya gonaki duk gawo ne. Tsofaffi na ba da labari zamanin sarkin Damagaram Tanimun wanda ya sare gawo ba ya kwana lafiya. Kowane wata yara na zuwa gindin guda su zana shi su liƙa abin da ya zubo, fure ne ko ganye ko 'ya'yan nan masu lanƙwasa da awaki ke rububi, in shekara ta zagayo su jera shafi 12 su gani da idonsu

Maman Nana Samaru: Malam Issufu wlh ka ba ni dabara, ni da nake ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Akwai wani rimi a hanyata zan riƙe shi, yanzu ba ganye ko ɗaya sai 'ya'ya a rataye, ina jiran su fashe in samu audugar

Bukar Nguru: Tunda an ambaci ƙaro bari in ƙara, shi fentin ruwan da kuke saye da tsada daga waje me kuke zato ke riƙe kalar a takarda? Ƙaro ne, na dakwara, wanda ake tsaga jikinta bayan damina a dawo bayan 'yan makonni a tsince. Sudan ce kan gaba a duniya, mu ma Yobe da Borno da Jigawa muna fitarwa. A kai shi Turai a dama da garin kala a zuba a 'yan ƙananan gwangwani a dawo mana da shi

Abba Fenta: Gaskiya ne, kuma Hajiya jar ƙasar nan da kika ƙullo fenti ce in kin so. Ki jiƙa ta ki motsa ki bar tsakuwar ta kwanta, ki tsiyaye ruwan saman a wani kwano ya kwana, laushin da ya zauna a ƙasa shi za ki shanya ki niƙa ki dama da ruwan ƙaro da ɗigon zuma. Ita kalar ƙasa ba ta koɗewa ko shekara nawa. Wanda ba na so ki wahala a kai su zoɓo ne da gangamau da ruwan ganye, ranar farko kamar ka sace don kyau, bayan wata biyu sai ka nemi kalar ka rasa

Maman Nana Samaru: A nan kam ba zan bi ka ba Malam Abba, zoɓo shi ne masoyina. Kana shafa shi ja yana bushewa yana komawa shuɗi-shuɗi, in na ɗiga ruwan kanwa ya koma kore, in na matsa lemon tsami ya dawo ja mai haske, Nana har kuka take in ban bar ta ta ɗiga ba. Da shi na yi sararin samaniyar ranar da hazo ya rufe Kufena ba a ganin dutsen sam, rana kamar farin faranti. Kai kana zane ne don a rataye a bango a saya, ni littafi ne a rufe cikin durowa rana ba ta ganinsa, in ma ya koɗe ai hunturun ma wucewa zai yi

Abba Fenta: To ki ɗau hotonsa dai ranar da kika yi, kar ki zo kina mana kuka a watan Yuni

Hauwa Winifeg: Anti ki gwada barbaɗa gishiri a kan zoɓon tun yana jiƙe, in ya bushe ki kakkaɓe, yana ba da ɗigo-ɗigo kusan irin na ƙanƙarata

Ɗan Baffa: Zuma, kanwa, lemon tsami, gishiri, zoɓo. Hajiya littafi kike ko girki? Amma maganar gaskiya yanzu ban da wasa, ki daina fita ke kaɗai da duhu-duhu, kin san halin da ake ciki, ba kowace gona ake shiga ba yanzu, ki tsaya inda ake ganin mutane kuma ki bar rana ta ɗan fito

Maman Nana Samaru: Na gode ƙanena, maigidan ma ya faɗa, yanzu da maƙwabciyata muke zuwa kuma ba ma wuce inda masu kai kara suke. Ita ba ta zane, rage tumbi take

Ɗan Baffa: Yawwa. Af, wai ita bagaruwar nan Malam, dole sai ƙusa ko guntun kwano mai tsatsa ma zai yi? Ba ni zan yi ba, wani ne ya ce in tambaya

Sadiya Lids: Hhhhhh Ɗan Baffa an kamu

Malam Sani Alaramma: Duk ƙarfen da ya yi tsatsa zai yi, ka gaya wa wanin ya tace da tsumma sau biyu kafin ya sa ƙaro, in ba haka ba alƙalamin zai riƙa toshewa